Lamba ɗaya, kaya iri biyu: nazarin matsalar makunnin motocin General Motors

A ranar 28 ga Maris 2014 kamfanin General Motors na Amurka, wanda aka fi sani da GM, ya ƙara motoci kusan 971,000 a kan waɗanda ya riga ya yi wa kiranye, wato ya ce a dawo da su a gyara, saboda matsalar makunni, wato suwicin tayar da mota, jimillarsu ta kai miliyan 2.6. Motocin da aka ƙara ƙirar 2008 zuwa 2011 ne, kuma a cewar kamfanin da gyararren makunni suka fito daga masana'anta. Kayan gyara ne suka jawo su cikin rigimar. GM ya ce an sayar wa diloli da manyan 'yan kasuwar kayan mota tsohon makunnin mai aibi kimanin guda 95,000. Wajen 90,000 daga ciki an ɗaura su a tsofaffin motocin da kiranyen farko ya riga ya shafa. Ragowar 'yan dubban kuwa babu mai iya nuna motar da suka shiga, domin mai aibin da gyararren lamba ɗaya suke ɗauke da ita. Dole aka kira mota kusan miliyan guda don a farauto su.

An fi ba da labarin nan ta fuskar kotu da majalisa da diyya. Ni daga kan teburin mai gyaran makulli nake so a dube shi, saboda duk abin da ya faru a 'yar tazarar da ke tsakanin ramin makulli da bayansa ya faru, kuma masu gyara ne suka fara jin koken jama'a.

Abin da ke bayan ramin makulli

Idan direba ya murɗa makulli, abu biyu yake juyawa, ko da yake mutane da yawa abu ɗaya suke ɗaukarsu.

Na farko gidan makulli ne, dunƙulen ƙarfen nan mai zagaye da makulli ke shiga. A cikinsa akwai 'yan farantai sirara a jere, kowanne a kan ɗan sifirin nasa. In babu makulli, sifirin yana tura farantan su hana gidan juyawa. In makullin da ya dace ya shiga, kowane haƙori zai ɗaga farantinsa daidai gwargwado, su daidaita, gidan ya samu hanya. GM tun 1935 yake amfani da salon da ke da ƙarin 'yar sanda a gefe: kowane faranti yana da tsagi a kuiɓinsa, kuma sai tsagogin sun yi sahu ɗaya sandar take faɗawa ciki ta saki gidan. Makullan GM na shekarun da muke magana a kai wuri goma ake yanka musu, zurfin yankan kuma hawa huɗu ne, shi ya sa farantan suke ɗauke da lamba 1 zuwa 4.

A nan akwatin mai gyara yake shigowa. Kamfanoni irin su Strattec na birnin Milwaukee, wanda ya daɗe yana ƙera wa GM makullai, suna sayar da gidan makulli fanko, ga kuma akwati mai ɗaki-ɗaki: farantai masu lamba 1 a wannan ɗaki, masu 2 a wancan, sifirin a gefe, da murfi da man shafawa. Mai gyara zai karanta haƙoran makullin mai mota, ko ya samo tsarin yankan daga kamfani ta lambar jikin motar, ya jera farantai a kan wannan tsari, sabon gida ya karɓi tsohon makulli. Ta haka mutum ba ya komawa yawo da makulli biyu, ɗaya na ƙofa ɗaya na tayarwa. Tazarar hawa ɗaya da na kusa da shi ba ta kai milimita ɗaya ba. Mai gyara ba ya auna kowane faranti da ya ɗauko. Ya ga an buga 3 a jikinsa, ya yarda 3 ne. Sana'ar duka a kan wannan yarda ta tsaya, kuma haka take a wajen kowane kayan gyara da aka saya da lamba.

Abu na biyu shi ne makunni, wanda makanikai ke cewa suwici. Yana bayan gidan makulli, cikin 'yar kwalin roba, kuma wutsiyar gidan ce ke juya shi. Shi ke raba wuta: matsayin kashewa, matsayin da aka rubuta wa ACC inda rediyo ke aiki inji kuwa a mace, matsayin tafiya, da na tayarwa. A cikinsa akwai 'yar ƙusa mai sifirin da ke faɗawa cikin gurbi a kowane matsayi. Ita ce take ba da "ƙas" ɗin nan da hannu ke ji. Abin da ya kamata a riƙe a nan shi ne, da zarar makulli ya shiga farantai sun daidaita, aikinsu na hana juyawa ya ƙare. Abin da ke riƙe makulli a matsayin tafiya, mota tana gudun kilomita 100 a sa'a, wannan 'yar ƙusa ce da sifirinta.

Daga 2002 zuwa 2005

Kamfanin Delphi ne ya ƙera makunnin. Ƙa'idar da GM ya rubuta da kansa ta ce ƙarfin da ake buƙata kafin makulli ya bar matsayin tafiya ya zama niyutan-santimita 20, da rangwamen 5 sama ko ƙasa. Samfuran da aka gwada ba su kai ko 15 ɗin ba. Duk da haka, a Fabrairun 2002 injiniyan GM mai kula da makunnin, Ray DeGiorgio, ya amince a ci gaba da ƙera shi haka. Hankalinsa a lokacin yana kan matsalolin wuta da makunnin ke ta bayarwa, har ya taɓa kiransa makunnin jahannama a wani saƙo da ya rubuta. Aka fara sa shi a Saturn Ion ƙirar 2003, sannan Chevrolet Cobalt ƙirar 2005 da ake haɗawa a Lordstown ta jihar Ohayo, daga baya Chevrolet HHR, Pontiac G5, Pontiac Solstice da Saturn Sky. Mai Pontiac Vibe, wadda ta yi yawa a titunanmu, hankalinsa ya kwanta: ita 'yar uwar Toyota Matrix ce, ba ta cikin wannan jerin.

Da sifiri mai laushi haka, faɗawa rami ɗaya, ko gwiwar direba ta taɓa zoben makullai, ya isa ya mayar da makulli ACC. Inji ya mutu. Sitiyari ya yi tauri, birki ya fara nauyi. Mafi muni, a waɗannan motoci idan makulli ya bar matsayin tafiya kafin karo, jakar iska ba ta tashi. Wato abin da ke jawo haɗarin shi ne kuma yake kashe abin da zai ceci mutum a cikinsa.

Koke ya fara zuwa tun Cobalt tana sabuwa. A Nuwamban 2004 GM ya buɗe bincike na cikin gida, injiniyoyi suka kawo shawarwari, a Maris 2005 aka rufe binciken ba a ɗauki ko ɗaya ba, bisa hujjar kuɗi da lokacin da gyaran zai ci. Sun ɗauki mutuwar mota a kan hanya a matsayin abin da ke ɓata wa mai saye rai kawai, tunda a ganinsu direba zai iya lallaɓawa ya sauka gefe. Masu nazarin makunni ba su haɗa shi da jakar iska ba, alhali a kamfani ɗaya ake ƙera su.

A Disamban 2005 aka aika wa diloli takardar sanarwa. Ta ce matsalar ta fi samun gajeren direba mai tarin makullai masu nauyi, a shawarci mai mota ya rage kayan da ke jikin zobensa, kuma a ba shi wani ɗan roba da za a cusa a kan makulli ya mayar da dogon tsagin da zobe ke shiga ya zama ƙaramar huda. Wannan dabara duk mai yankan makulli zai gane hikimarta. Idan tsagi ne dogo, zobe yana zamewa ya tsaya a ƙarshensa, nesa da tsakiya, nauyin makullan gida da na shago ya samu abin da zai murɗa da shi. Idan huda ce a tsakiya, nauyin ƙasa kawai yake ja. Dabarar daidai ce. Aibin yana wajen yadda aka raba ta: sai wanda ya zo da ƙorafi ake ba wa, kuma an cire kalmar da ke nufin mutuwar inji daga cikin takardar, don kada ta ja hankalin hukuma. To da wace kalma mai mota zai zo? Cewa zai yi motata tana mutuwa ina cikin tafiya. Makaniken da ya nemi wannan alama a cikin takardun kamfani ba zai ci karo da sanarwar ba, sai ya nufi famfon mai da fulogi. Mutum 474 kacal aka ba wa ɗan robar.

Kafin nan an riga an fara rasa rai. A Yulin 2005 wata yarinya 'yar shekara 16 ta rasu cikin Cobalt a jihar Merilan, jakar iska ba ta tashi ba, aka samu makulli a ACC. A Oktoban 2006 wasu 'yan mata biyu suka rasu sakamakon wani haɗarin a Wiskonsin. Ɗan sandan jihar da ya binciki wannan na biyun ya rubuta a rahotonsa na 2007 cewa makulli a ACC yake, ya ambaci sanarwar diloli, ya ce mai yiwuwa abin da ya hana jakar iska tashi ke nan. Ya gano amsar shekara bakwai kafin kiranye. Rahoton ya shiga ma'ajiyar GM, amma bai isa hannun injiniyoyin da ke neman amsar ba. Hukumar kiyaye haɗurra ta tarayyar Amurka, NHTSA, ita ma ta duba batun a 2007 da 2010, ba ta buɗe cikakken bincike ba.

Sa hannun 26 ga Afrilu 2006

A wannan rana DeGiorgio ya amince wa Delphi ya canja 'yar ƙusar da sifirinta. Tsohuwar tsawonta milimita 10.6, sabuwar 12.2. Ƙarin milimita 1.6 ya sa makulli ya fi zama daram. Gyara ne mai kyau, kuma kuɗinsa bai kai dala ɗaya a kan kowace mota ba. Amma lambar kayan, 10392423, ba a taɓa ta ba.

A ganina wannan ya fi amincewar 2002 muni. Kuskuren ƙira yana samun kowane kamfani, kuma akwai hanyar kama shi: a tattara haɗurra, a duba wane samfuri ne a cikin kowace mota, a ga inda matsalar ta fara da inda ta tsaya. Barin lamba ɗaya a kan kaya biyu ya toshe wannan hanya. Ya zama kamar mudu biyu a kasuwa ɗaya, sunansu ɗaya, ɗaya ya fi ɗaya zurfi, mai awo da mai saye kowa yana ganin daidai ake yi.

Ga abin da ya biyo baya. Injiniyoyin GM da suka zo daga baya suna bin sawun jakar iskar da ba ta tashi sun lura cewa abin ya fi yawa a Cobalt na shekarun farko, ya yi sauƙi a na baya. Suka tambaya ko an canja wani abu a makunni da zai shafi ƙarfin murɗawa, aka ce musu a'a, takardu ma suka nuna lamba ɗaya. Sai suka kawar da kai daga makunni, suka shafe shekaru suna laluben wayoyi da kwamfutar mota. A ɗakunan ajiya kuma tsoho da sabo suka gauraye a kan kanta ɗaya. Makaniken da ya yi komai bisa ƙa'ida, ya gane makunni ne ke da matsala, ya yi odar na asali daga kamfani da lambar da littafi ya ba shi, yana iya cire mai aibi ya mayar da wani mai aibin. Ya karɓi kuɗinsa da zuciya ɗaya, mai mota ya tafi yana ganin ya rabu da matsala. Wannan ne ya fi damuna a duk labarin, domin an sa mutumin kirki ya yi ɓarna da hannunsa ba da saninsa ba.

Wanda ya buɗe kwalin ya auna

A ranar 10 ga Maris 2010, wata ma'aikaciyar jinya a jihar Jojiya tana tuƙa Cobalt ƙirar 2005 cikin ruwan sama, motar ta ƙwace, ta haɗu da wata, ta gangara cikin rafi. Ta rasu a ranar da ta cika shekara 29. Kwanaki kaɗan kafin nan motar ta mutu mata a kan hanya, ta kai ta wurin dila, aka wanke mata hanyar mai aka ce an gyara. Na'urar da ke nadar bayanan haɗari ta nuna cewa makulli ya koma ACC daƙiƙu kaɗan kafin karon.

Iyayenta suka ɗauki lauya Lance Cooper, shi kuma ya ɗauko wani injiniya daga Fulorida, Mark Hood. A 2012 Hood ya yi abin da kowane mai gyara mai natsuwa zai iya yi. Ya ciro makunnin motar, ya ɗauki hotonsa, ya haska shi da na'urar hoton ƙashi, ya warware shi. Sannan ya je wurin dila ya sayi sabo mai lamba iri ɗaya a kan dala 30 ko kusa da haka. Da ya gwada, sai ya ji sabon ya fi tauri. Ya buɗe shi, ya ajiye ƙusoshin biyu gefe da gefe, ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Daga nan ya shiga wuraren da ake tara matattun motoci yana sayen makunnan Cobalt na shekaru daban-daban, yana aunawa, har ya kewaye lokacin da aka yi canjin.

A Afrilun 2013 Cooper ya ajiye hotunan a gaban DeGiorgio yana ba da shaida bisa rantsuwa. DeGiorgio ya ce ya ga bambancin, amma bai amince da wani canji irin wannan ba. A Satumba GM ya sasanta da iyalin. A ƙarshen Oktoba Delphi ya miƙa wa GM takardun da ke ɗauke da amincewar 2006. Kamfani mai dubban injiniyoyi sai da wani daga waje ya buɗe kwalin roba ya sa ma'auni kafin ya san abin da ke cikin motarsa.

Kiranye, da yadda aikin ya dawo kan gidan makulli

Mary Barra ta karɓi shugabancin GM a tsakiyar Janairun 2014. A Fabrairu aka yi kiranyen farko na mota kusan 780,000, kafin watan ya ƙare suka zama miliyan 1.6, sai ƙarin Maris. An shawarci masu motocin su cire komai daga jikin makulli, har da rimot, kafin kaya su iso. A ranakun 1 da 2 ga Afrilu Barra ta bayyana gaban kwamitocin majalisun tarayya biyu, ta amsa cewa saɓa wa tsarin aiki ne a canja kaya ba tare da an canja lamba ba.

A ranar 10 ga Afrilu, ranar da aka dakatar da DeGiorgio da wani injiniya, GM ya fitar da wata sanarwar da ba ta samu amo sosai ba, alhali ita ta fi shafar masu sana'ar makulli. Ya ce gidan makullin waɗannan motoci ma za a canja, saboda makulli yana iya zarewa inji yana aiki. Kamfanin ya ce ya samu ɗaruruwan ƙorafi a kan haka. Dokar tarayya mai lamba 114 a Amurka ta tanadi cewa a mota mai giyar otomatik kada makulli ya fita sai giya tana fakin, domin mutumin da ya zare makulli ya sa a aljihu yana ɗauka motarsa a tsaye take, ita kuwa tana iya gangarawa. A kowane gidan makulli, abin da ke hana makulli fita bayan an murɗa shi farantan nan ne: gidan ya juya, ba su da wurin ja da baya, sai su riƙe haƙoran. Idan farantai ko haƙora sun side, ko akwai sako-sako tun asali, riƙon ya tafi.

Saboda haka gyaran ya tashi daga canja makunni kawai ya zama aiki uku: sabon makunni, sabon gidan makulli, da sabbin makullai masu huda a madadin tsagi, waɗanda za a yanka, a kuma saita su da kwamfutar motar inda ake buƙata. Dole sabon makulli ya ci gaba da buɗe ƙofa, don haka kowace mota da nata tsarin yankan. Ba a ɗauko gida ɗaya daga kwali a ɗaura wa kowa. Yin haka ga mota miliyan biyu da ɗoriya ya ɗauki watanni, Delphi ya ƙara layukan ƙira, GM ya ba dubban mutane motar aro.

Daga nan GM ya bi sauran motocinsa yana gwada makullai. A Yunin 2014 ya kira Chevrolet Camaro fiye da 500,000, ƙirar 2010 zuwa 2014, saboda gwiwar direba tana bugun makullin nan mai naɗewa cikin rimot. Maganin shi ne a raba makulli da rimot. A watan dai ya kira wasu miliyoyin, cikinsu har da Impala da Malibu, kuma a yawancinsu makunnin ba a taɓa shi ba, kan makulli aka gyara, tsagi ya koma huda. Dabarar da aka ba mutum 474 a ɓoye ita aka dawo aka ba miliyoyi bayan shekara tara.

Hukuncin a taƙaice: NHTSA ta ci GM tarar dala miliyan 35 a Mayun 2014, iyakar abin da doka ta yarda a lokacin. A Yuni aka fitar da rahoton Anton Valukas, tsohon mai gabatar da ƙara da kamfanin ya ɗauka ya yi bincike, aka kori ma'aikata 15, har da DeGiorgio. A Satumban 2015 GM ya amince ya biya gwamnatin tarayya dala miliyan 900 don a jingine tuhumar laifi, kuma ba a gurfanar da ko mutum ɗaya ba. Da farko kamfanin ya ce mutum 13 suka mutu. Asusun diyya da lauya Kenneth Feinberg ya jagoranta ya amince da mutuwar mutum 124 da raunata 275.

Abin da ya shafi teburinmu

Cobalt da Ion ba su yi yawa a wajenmu ba. Amma motocin da ke sauka a Legas da Kwatano da yawansu daga Amurka suke, kuma hanyar da muke samun kayan gyara ta fi tasu duhu. A Amurka lamba ɗaya ce ta yi ƙarya, aka kira mota kusan miliyan. Wanda ya shiga Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Ladipo a Legas ya sayi kan sitiyari na hannu da gidan makulli da makunni a haɗe, yawanci babu kwali balle takarda. Bai san shekarar motar da aka ciro shi ba, bai san ko an taɓa yi mata kiranye ba. Ba na cewa a daina sayen na hannu, domin sau da yawa shi ne na asali, sabon da ke cikin leda kuwa jabu. Abin da nake cewa a gwada shi da hannu kafin a ɗaura. A murɗa zuwa matsayin tafiya, a tura shi baya da ɗan yatsa. Idan ya koma ba tare da an ji ya yi gardama ba, a mayar wa mai shi.

Ga motar da ta fito daga Amurka akwai hanya kyauta. Tun Agustan 2014 NHTSA ta buɗe shafi a intanet inda ake shigar da lambar jikin mota, mai haruffa da lambobi 17, ya nuna kiranyen da ba a yi gyaransa ba. Ko da babu dilan da zai gyara kyauta a nan, sanin abin da ke damun motar ya rage rabin wahala, kuma minti biyu ya isa a waya.

Sai tambayar da dilan Jojiya ya kamata ya yi. Idan mutum ya zo ya ce, "Maigida, motar nan tana mutuwa ina cikin tafiya," kafin a buɗe bonet a ce masa: "Alhaji, da ta mutu, a ina ka tarar da makullin? Fitilun dashbod suna kunne ko sun ɗauke? Rediyo yana yi? Rami ka faɗa?" A kuma dubi zoben da ke hannunsa. Ɗan kasuwa da ya haɗa makullin mota da na shago uku da na gida da na kwaɗon sito a zobe ɗaya yana side farantansa kullum, ko da makunninsa lafiyayye ne. A gaya masa ya raba, amma kada a tsaya nan a ce laifinsa ne a sallame shi, kamar yadda sanarwar 2005 ta yi.

Akwai kuma wata gajeriyar hanya da na tsana, wadda ake bi idan gidan makulli ya fara sarƙewa kuma babu akwatin farantai a kusa: a buɗe gidan, a zare farantan da suka side a zubar, a bar biyu ko uku, a mayar. Makulli zai juya sumul, mai mota ya yi godiya. Amma an bar masa motar da makullai da yawa za su tayar, kuma an rage abin da ke riƙe makulli a ciki idan ya juya. Matsalar da ta sa GM ya canja gidajen makulli sama da miliyan biyu ke nan, an ƙirƙiro ta da gangan a bakin titi. Gyaran gaskiya shi ne a mayar da kowane faranti da mai lambarsa, a canja sifirin duka tunda an riga an buɗe, kuma idan makullin kansa ya side a yanka sabo daga tsarin yanka na asali. Kwafin makullin da ya side sidewar yake kwafowa, kuma sabbin farantai ba za su daɗe a kansa ba.

Kafin a miƙa mota, a tayar da ita a fakin a ja makulli a hankali: kada ya fito. A taka birki, a sa giya a D, a kashe inji a gwada zare shi: kada ya fito sai an mayar da giya fakin. A sake tayarwa, a rataya wa makullin zoben mai motar yadda yake yawo da shi, a bi ta hanya mai gargada a ga ko zai motsa daga wurinsa. Tsohon gida da tsohon makunni kuma a ba mai mota abinsa, a rubuta masa ranar da aka canja da inda aka sayo sabon.